Kunnuwa da Yawa a Kan Gada Ɗaya: Nazarin Lamarin AlloSphere

A harabar Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, a Amurka, akwai wani ɗaki mai tsayin bene uku a cikin ginin Elings Hall. A cikinsa an kafa wata ƙatuwar ƙwallo ta alminiyam mai faɗin mita 10. An raba ta biyu, kamar ƙwarya biyu da aka sa suna fuskantar juna, aka shimfiɗa gada a tsakaninsu. Wanda ya hau gadar ya shiga tsakiyar ƙwallon ke nan, hoto a samansa, hoto a ƙarƙashinsa, hoto dama da hagu. Sunan wurin AlloSphere. An kammala gininsa a 2007, aka ci gaba da ƙara masa kayan aiki a shekarun da suka biyo baya, har ya kai majigi 26 da lasifika 54, da kuma wata babba guda mai fitar da amo mai kauri. Gadar tana ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin a lokaci guda.

Wadda ta jagoranci aikin tun daga tunaninsa ita ce Farfesa JoAnn Kuchera-Morin, kuma asalin sana'arta tsara kiɗa ce. Wannan ya bar alamarsa a ginin. A yawancin ayyukan duniyar kwaikwayo ta kwamfuta, sai an gama da ido ake tunawa da kunne. A nan tun daga zanen gini aka yi lissafin sauti, domin an ɗauki wurin a matsayin kayan aiki da ƙungiya za ta sarrafa tare, yadda makaɗa ke haɗuwa a kan waƙa ɗaya. Tambayar da wannan nazari ya bi ita ce: idan mutum ashirin suka shiga duniyar kwaikwayo ɗaya, ta yaya za a sa kowannensu ya ji sauti daga inda abin yake, alhali ba wuri ɗaya suke tsaye ba, kuma ana so su ci gaba da jin juna?

Abin da kunne ke nema

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya a cikin iska. Idan ya taso daga dama, yana riga isa kunnen dama kafin na hagu, da ratar da ba ta kai milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ko da a mafi girmanta. Kai kuma yana tare wani ɓangare nasa, musamman siririn sauti, sai ya isa kunnen nesa a raunane. Da waɗannan bambance-bambance biyu ƙwaƙwalwa ke gane dama da hagu, kuma masanin kimiyya ɗan Ingila Lord Rayleigh ya bayyana haka tun 1907. Sama da ƙasa, gaba da baya, aikin kunnen waje ne. Lanƙwashe-lanƙwashensa suna ɗan sauya launin sautin gwargwadon inda ya fito, kuma babu mutum biyu masu kunne iri ɗaya sak. A gaban fuska, mutum yana iya rarrabe sautuka biyu da tazararsu ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Wani abu kuma ya fi waɗannan nauyi idan ana maganar taro. A 1953 Colin Cherry ya yi nazarin yadda mutum ke tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniyar masu magana da yawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rabuwar wuri na daga cikin manyan abubuwan da ke taimakawa. Muryoyi uku da suka fito daga kusurwa uku ana iya bin ɗaya a bar biyu. Idan aka cusa su ta kafa ɗaya, sai su cakuɗe. Duk wanda ya zauna taron bidiyo inda mutum uku suka ɗauki magana tare ya san wannan gajiyar. Saboda haka sauti mai wuri a duniyar kwaikwayo ta jama'a ba ado ba ne. Shi ke sa a iya aiki.

Darasin da aka gada

Kafin AlloSphere akwai CAVE, wanda Carolina Cruz-Neira da Daniel Sandin da Thomas DeFanti suka ƙera a Jami'ar Illinois da ke Chicago, aka nuna shi a 1992. Ɗaki ne mai kusan mita 3 ta kowane gefe, ana haska hoto a bangaye da ƙasa. Mutane da yawa suna iya shiga, kowa sanye da tabarau masu ba hoton zurfi, amma kan mutum ɗaya kawai na'urar ke bi. Shi ake zana wa hoton daidai da inda idonsa yake. Sauran suna ganin duniyar ne a karkace, kuma duk lokacin da jagoran ya motsa, duniyarsu ta motsa ba da izininsu ba. A ƙaramin ɗaki wannan karkata tana da yawa, domin taku ɗaya babban kaso ne na nisan da ke tsakaninka da bango.

Girman AlloSphere amsa ce ga wannan matsala. Idan allon yana nisan mita 5, taku ɗaya ba ya sauya kusurwar gani sosai, don haka ana iya zana hoto ɗaya daga tsakiya, kowa ya kalli inda ya ga dama, ba tare da an fifita kan mutum ɗaya ba. An sayi adalci tsakanin masu kallo da faɗin gini. Abin dubawa shi ne ko wannan dabara za ta yi wa kunne aikin da ta yi wa ido.

Matsala ta farko: ƙwallo tana tara amo

Duk wanda ya san sauti zai ce cikin ƙwallo na daga cikin mafi munin wuraren da za a saurari wani abu. Bango mai lanƙwasa ciki yana mayar da sauti ne zuwa tsakiya, kuma tsakiyar nan ce aka ajiye mutane. Da allon rufaffen ƙarfe ne, wanda ya yi tari a kan gadar zai ji tarinsa ya dawo masa daga kowace kusurwa a lokaci guda, bayan kusan milisakan 29, wato lokacin da sauti ke ɗauka ya yi mita 5 zuwa da mita 5 dawowa. A irin wannan wuri babu lissafin kwamfuta da zai sa a gane inda sauti ya fito.

Maganin da aka yi shi ne a sa allon ya tare haske amma ya bar sauti ya wuce. An huhhuda alminiyam ɗin da ƙananan ramuka masu yawa, waɗanda daga kan gada ido ba ya damuwa da su. Lasifikun suna bayan allon, sautinsu yana ratsowa ciki. Wanda ya taso daga ciki kuma yana ficewa ta ramukan ya faɗa kan bangayen ɗakin, waɗanda aka lulluɓe da kayan shanye sauti har ɗakin ya kusa zama marar amsa-kuwwa. Ido yana ganin ƙwallo, kunne kuma yana jin kamar fili ne. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci a aikin gaba ɗaya, kuma ba a manhaja aka yi shi ba, a jikin ƙarfe da bango aka yi shi. Idan ana so a kwaikwayi amon kogo ko na babban zaure, dole ɗakin gaske ya yi shiru da nasa amon tukuna.

Matsala ta biyu: tsakiya ɗaya ce, mutane ashirin ne

An jera lasifikun a zobe uku: 12 a sama, 30 daidai tsayin kunne, 12 a ƙasa. Yawan da aka ba zoben tsakiya ya dace da halittar mutum, tunda kunne ya fi kaifi wajen rarrabe dama da hagu fiye da sama da ƙasa. Lasifika 30 a zobe ɗaya na nufin kusan digiri 12 tsakanin kowace da maƙwabciyarta. Sautin da ya faɗo tsakanin biyu sai a raba musu shi, ƙwaƙwalwar mai sauraro ta haɗa, ta ji shi a wurin da babu lasifika. Wannan dabara tana aiki sosai ga wanda yake tsakiya.

A ɗauki mace ɗaya a cikin ƙungiyar, ta matsa mita 2 daga tsakiya ta bin gadar. Don sauƙin lissafi a ce lasifikun suna nisan mita 5 daga tsakiya. Yanzu wadda ke gabanta tana nisan mita 3, wadda ke bayanta mita 7. Bambancin mita 4 ya kai kusan milisakan 12, ƙarfin sautin kuma ya bambanta da fiye da desibel 7 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan lasifikun biyu suna fitar da abu ɗaya, ba za ta ji shi a tsakani ba. Za ta ji shi gaba ɗaya daga ta kusa. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana yanke hukuncin inda sauti ya fito ne da wanda ya fara isowa, wanda ya biyo baya cikin 'yan milisakan kuma ta ɗauke shi amsa-kuwwa. Hans Wallach da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1949, Helmut Haas ma ya yi nazarinsa a daidai wannan zamani. Halin nan ne ke sa muna gane mai magana a ɗaki mai amo. Shi ne kuma ke rushe lissafin injiniya da zarar mai sauraro ya bar tsakiya.

Akwai hanyoyi da dama na raba sauti ga lasifiku, kowace da inda take ciwo. Ambisonics, wadda Michael Gerzon ya yi fice da ita a Ingila a shekarun 1970, tana ƙoƙarin sake gina filin sautin a tsakiyar ɗaki, kuma a sauƙaƙƙen nau'inta lasifiku da yawa ne ke taka rawa a kowane sauti. Tana da daɗin ji, motsi a cikinta sumul yake, amma matar da ta matsa mita 2 ita ce ke biyan kuɗin, sai dai a hau zuwa manyan matakanta masu faɗaɗa wurin da lissafin ke riƙewa. Wadda Ville Pulkki na Finlan ya wallafa a 1997, da ake kira VBAP, ta bi wata hanyar: kowane sauti lasifiku uku ne kawai mafi kusa da shi ke fitar da shi. Ko mai sauraro ya kauce, kuskurensa ba zai wuce ɗan yankin bangon da ukun nan suke ba. Manhajar da aka rubuta wa AlloSphere tana ɗauke da waɗannan hanyoyi biyu da wasu, mai tsara aiki ya zaɓi wadda ta dace da abin da zai nuna.

Akwai ta uku, wadda a takarda ita ce cikakkiyar amsa. A 1988 A. J. Berkhout na Jami'ar Delft a Holan ya gabatar da hanyar gina igiyar sautin kanta da dogon jerin lasifiku, ta yadda kowa a ɗakin zai ji tushen a wuri ɗaya duk inda ya tsaya. Sharaɗinta shi ne lasifikun su matsu. Igiyar sauti mai kaɗawa 1000 a sakan tsawonta kusan santimita 34 ne, kuma ana son tazarar lasifiku kada ta wuce rabin haka. Kewayen zobe mai faɗin mita 10 ya haura mita 31. A raba da santimita 17, an doshi lasifika 185 a zobe ɗaya tak, kuma ba a taɓa sama da ƙasa ba, ba a kuma kai ga siraran sautukan da ke cikin magana ba. Lasifika 30 masu tazarar kusan mita ɗaya ba su kusa ba. Don haka abin da ke AlloSphere sulhu ne da abin da zai yiwu.

Inda kuskuren ido da na kunne suka daidaita

Ga wani abu da ke sa sulhun ya yi aiki fiye da yadda lissafi zai nuna. Hoton da kowa ke gani a kan allo ɗaya yake. Idan aka zana wani abu yana shawagi kamar mita ɗaya daga fuska, tabarau ne ke ba da wannan zurfin, amma hasken daga wani yanki na bango yake fitowa. Wanda ke wannan ƙarshen gada da wanda ke wancan ƙarshen, kowa zai ga abin a kan layin da ya haɗa shi da wannan yanki. Idan lasifikun da ke bayan yankin ne ke fitar da sautin abin, to kunnen kowa zai nuna masa inda idonsa ke nuna masa. Babu wanda ya sami cikakkiyar gaskiyar wurin, amma ido da kunnen kowane mutum sun yarda da juna, kuma idan ɗaya ya ce "ga shi can", sauran za su juya su same shi. Ido ma yana da halin jan sauti zuwa ga abin da yake gani yana motsi, wanda ke rufe ɗan bambancin da ya rage.

Abin da tsarin ba ya iyawa shi ne kawo sauti kusa da kunne. Lasifikar da ke nisan mita 5 ba za ta yi maka raɗa ba. Kusanci sai dai a kwaikwaye shi da ƙarin ƙarfi, da rage amon ɗaki na ƙarya da aka ɗora, da sauyin kaifin sauti idan abu ya wuce da gudu. Jikin mutane ma yana tare wa juna sauti idan gadar ta cika.

Me ake ji a ciki?

Aikin da ya fi shahara a farkon wurin shi ne AlloBrain, wanda aka gina daga hoton ƙwaƙwalwar Marcos Novak, malami a jami'ar, da aka ɗauka da na'urar fMRI mai nuna yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwa. Ƙungiya tana shiga cikin ƙwaƙwalwar kamar kogo. An saki wasu ƙananan wakilai na kwamfuta suna yawo a ciki, kowanne yana auna yawan jini a inda ya isa, yana ba da rahoto da sauti. Inda jinin ya fi yawa, nan aikin ƙwaƙwalwa ya fi yawa, sautin kuma ya sauya. Kuchera-Morin ta nuna wannan a jawabinta a taron laccoci na TED a 2009, tare da wani aikin da aka mayar da layukan hasken ƙwayoyin zarra zuwa sautin da kunne ke iya ji.

A nan ne amfanin haɗin ya fito fili. Ido gaba kawai yake gani, kunne kuwa ba shi da baya. A duniyar da ta kewaye mutum ta ko'ina, fiye da rabin abin da ke faruwa yana wajen ganinsa a kowane lokaci. Wakilin da ya ci karo da wani abu a bayan ƙungiyar, sautinsa ne zai sa wani ya waiwaya. Da ya waiwaya ya ɗaga hannu, sauran sun gani, domin babu abin da ya rufe musu fuska sai tabarau mai sauƙi. Ya ce wa na kusa da shi, "Kin ji wancan? Daga ƙasa yake, ta hagu." Muryarsa ta isa gare ta ta iska, daga bakinsa, cikin ƙasa da milisakan 9 idan tazararsu mita 3 ce. Babu makirufo, babu intanet, babu lissafi. Sautin da ya fi kowanne muhimmanci a taron, wato muryar abokin aiki, an bar shi yadda yake, kuma babu wani tsari da zai ba shi wuri fiye da haka.

Da an bi ta ɗaya hanyar

Hanyar da kasuwa ta fi bi ita ce kowa ya sa na'urarsa a ka, da abin ji a kunne. A nan matsalar tsakiya ta kau, tunda kowa shi ne tsakiyar duniyarsa. Ana lissafa wa kowane mutum abin da kunnensa na dama da na hagu ya kamata su ji, ana sabuntawa duk lokacin da ya juya kai. Raɗa a kunne ma tana yiwuwa, kuma ana iya aika wa mutum ɗaya sautin da sauran ba za su ji ba, abin da lasifikun AlloSphere ba za su taɓa yi ba.

Amma tana da nata haraji. Lissafin yana bukatar awon yadda kai da kunne ke sauya sauti, kuma galibi ba na mai sauraron ake amfani da shi ba. Na wani ne, ko na kan gunki, irin awon gunkin KEMAR da Bill Gardner da Keith Martin suka yi a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka a 1994. Da kunnen aro, wasu sukan ji abin da ke gaba kamar a baya, ko su ji shi a cikin kai. Muryar abokin aiki kuma dole ta bi makirufo, a matse ta, ta ratsa intanet, a warware ta. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba ne hira ke jurewa ba tare da an fara katse juna ba. Idan kuma masu na'urorin a ɗaki ɗaya suke, sai a faɗa wani rami: muryar ta iso sau biyu, ta iska da farko, ta na'ura daga baya, jinkirin kuma ya wuce wanda ƙwaƙwalwa ke haɗewa, sai ya zama amsa-kuwwa mai hana magana. Mafita ita ce a kashe muryar na'ura a bar kunne a buɗe. Wasu na'urorin ma haka aka ƙera su: Valve Index na 2019 lasifikunsa ba sa taɓa kunne, a ɗan nesa suke rataye.

Hukuncina a kan lamarin shi ne masu AlloSphere sun zaɓi daidai ga aikin da suka sa a gaba, wato masana daga fannoni daban-daban su tsaya kan bayanai ɗaya su yi gardama. Sun yarda kowa ya rasa ɗan daidaito don kada a raba su da juna. Kuɗin da suka biya ba ƙarami ba ne: gini ne guda ɗaya a gari ɗaya, ba a naɗe shi a kai wa kowa, kuma duk wanda zai amfana sai ya je. Ɗakin da ke shanye amo shi ma yana busar da muryar mutane, wanda ya juya maka baya sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi sosai.

Wurin da hanyoyin biyu ke karo shi ne ranar da aka ce wani zai shiga taron daga nesa. Shi yana sanye da na'ura a wani gari, su suna kan gada. Dole a ba muryarsa wuri a jikin bango, a zana masa siffa a daidai wurin, kuma idan ya zagaya a cikin bayanan, muryar ta bi shi daga wannan rukunin lasifiku zuwa wancan. Ta ɗaya ɓangaren kuma sai an ɗauki muryar kowane mutum a kan gadar daban, an san inda yake tsaye, an cire sautin lasifika 54 da ke shiga makirufonsa, kafin a aika wa na nesa abin da zai iya rarrabewa. Idan aka tara masa su ta makirufo ɗaya, shi kaɗai ne zai koma cikin cakuɗen muryoyin da Cherry ya yi nazari, alhali sauran suna jin juna tas.